Takardar da Aka Ƙona a Bayan Goggo

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci a Dubai, akwai wani darasi da nake so fiye da sauran. Darasin ladubban mu'amala ne tsakanin 'yan kasuwar ƙasashe daban-daban. Malamarmu, wata Baturiya mai taushin murya, takan jero mana ƙa'idoji kamar mai jera kwanuka a kabad. Ka isa wurin ganawa kafin lokaci. Ka kalli mutum cikin ido. Ka faɗi abin da kake nufi ba tare da kwana-kwana ba. In farashi bai yi maka ba, ka yi godiya ka tashi, ba wanda zai riƙe ka a zuciya. Ni da nake son abu mai tsari, sai na ɗauka duk duniya haka take tafiya, in aka cire kasuwannin Kano da na baro.

A wannan ajin na yi ƙawa, 'yar Vietnam ce, siririya, ba ta da yawan magana. Abin da ya haɗa mu shi ne kujerar bakin taga, don dukanmu biyu mun fi kallon sararin sama a kan kallon allo. Mahaifiyarta tana da ɗan shago a Al Khabaisi inda take sayar da itacen ud na turare, wanda kawunnan ƙawata ke nomawa a can ƙasarsu. Ƙawata ce ta gaya mini cewa bishiyar ba ta ƙamshi sai an ji mata rauni, sannan a jira ta shekaru tana warkewa. Na kwana biyu ina juya wannan maganar a raina, har waƙa na rubuta a kai, wadda na gode wa Allah ba wanda ya taɓa gani.

Na sha zuwa gidansu. Mahaifiyar ba ta jin Turanci sosai, amma takan zaunar da ni, ta yi ta tsamo kifi da ganye tana zuba mini a kwano har sai na rufe shi da hannu. Da ta ji abubuwan da musulmi ba ya ci, sai ta sayi sabuwar tukunya ta ware ta domina. Ina son a riƙe wannan, don a gane abin da na ji daga baya.

Goggona, yayar mahaifina, turaren wuta take haɗawa a Kano. Sunanta ya fita ne da wani haɗi guda da uwayen amare ke nema, kuma ƙashin bayan haɗin nan itacen ud ne. A shekarar nan mutumin da ke kawo mata itacen ya fara cuɗa shi da wanda aka jiƙa a mai don ya yi baƙi. Ƙamshin sai ya tashi da farko, ya mutu kafin garwashi ya huce. Mata suka fara magana, wata ma ta dawo mata da kwalabe cikin kwali gaban mutane. Ga azumi ya matso, lokacin da bukukuwa ke taruwa, ga alkawuran da ta riga ta ɗauka. Da na ji haka, sai na aika mata ɗan guntu daga shagon mahaifiyar ƙawata ta hannun wata mai tafiya gida.

Ranar da ya isa Goggo ta kira ni. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka Uwata take ce mini.

"Uwata, ina kika samo wannan?"

"Wurin mamar ƙawata ne, Goggo."

"Kada ki gaya wa kowa. Ina tafe."

Ta iso da 'yan kwanaki kaɗan a hannunta, ta sauka a wani otal a Deira inda 'yan kasuwar Kano ke sauka. Dole kayan su isa wurin masu kago, masu jigilar kaya zuwa gida, a Al Quoz kafin ƙarshen mako, in ba haka ba sai bayan bukukuwan sun wuce.

Na kira ƙawata don a sa mana lokaci. Ta ce shagon a rufe yake, suna bikin sabuwar shekararsu, amma jibi za a buɗe. "Ku zo da hantsi," in ji ta, "in rana ta ɗaga sosai." Bayan mun ajiye waya ta sake turo saƙo cewa kada mu wahalar da kanmu da sammako, a bar Goggo ta huta gajiyar jirgi. Washegari ma ta sake tunatar da ni. Na ce a raina, kai, yarinyar nan akwai kara.

Ranar kuwa, ana idar da sallar asuba Goggo ta shirya tsaf, ta yafa mayafinta, ta rataya jaka. Na ce mata an ce mu je da hantsi.

"Wane ɗan kasuwa ne ke jiran rana ta ɗaga? So kike wasu su riga mu tsince na kirkin? Yalla."

Kalmomin Larabci biyu Goggo ta koya a Dubai, yalla, wato mu tafi, da khalas, wato shi ke nan, kuma da su take tafiyar da kowa, daga direba har ma'aikacin banki. Ni ma ban ja ba. Ai an koya mana cewa isa da wuri girmamawa ne.

Mun isa ana ɗaga ƙofar shagon. An yi masa ado da jajayen takardu, ga tukunyar furanni rawaya a bakin ƙofa, ga lemo an jera a faranti. Mahaifiyar ƙawata tana sanye da wata doguwar riga ja da ban taɓa ganinta da ita ba. Da ta gan mu sai ta tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi Goggo, ta leƙa bayanmu tana duban titi kamar mai jiran wani, sannan ta yi murmushi ta matsa muka shiga. Ƙawata ba ta nan.

Goggo ta zauna a kujerar da ke gaban kanta, ta nemi kasko da garwashi. Aka kawo. Ta ɗora ɗan guntu, ta jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarta, ta lumshe ido. Na san Goggo. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Sai ta buɗe ido ta yamutsa fuska.

"Ba laifi. Amma hayaƙinsa da nauyi. Gaya mata jiya na ga wanda ya fi shi a Deira."

"Goggo, jiya ai ba mu fita ba."

"Ke tafinta ce ko alƙali?"

Na fassara, na rage kaifin iya yadda zan iya, amma fuskar Goggo ba ta buƙatar tafinta. Matar ta danna farashi a kalkuleta ta miƙo da hannu biyu. Goggo ta yi wata 'yar dariya, ta goge, ta danna nata. Da na leƙa na ga abin da ta taya, sai na mayar da idona kan lemon nan. Matar ta yi murmushi. Goggo ta ɗauki wani guntun, ta ƙanƙare shi da farce, ta ce wannan ai rabinsa fari ne. Murmushin matar ya ƙaru har ta rufe baki da hannu. Haka aka yi ta yi, duk kushen da Goggo ta ƙara, murmushin sai ya ƙara faɗi.

Can sai matar ta ɗauko wani ɗan ƙulli ƙarami, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, ta riƙe da hannu biyu ta miƙa wa Goggo.

"Madam, ɗan wannan kawai. Shwayya. Ko nawa kika bayar."

Goggo ta dube ni, ta yi ƙasa da murya duk da ba mai jin Hausa a wurin. "Kin gani ko? Ta matsu. Mai roƙon a sayi ƙulli ɗaya da sassafe, kaya sun yi mata kwantai." Ta ture ƙullin gefe da bayan hannu, ta miƙe. "Tashi mu tafi. Kada ki waiwaya. Kafin mu kai farar motar can za ta kira mu."

Na yi wa matar godiya da Turanci mai tsafta, kamar yadda aka koya mana, muka fita. Muka yi ta tafiya a hankali kamar masu raka amarya. Muka kai farar motar, shiru. Muka wuce ta, shiru. Goggo ta tsaya ta duƙa tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Leƙa ki gani."

Na waiwaya. Matar tana tsaye a bakin ƙofa, ta murɗe takardar jarida ta kunna mata wuta. Tana kaɗa ta a jikin ƙofar, sama da ƙasa, leɓɓanta na motsi. Ta koma ciki, ina hango ta ta gilashi, ta zagaya kujerar da Goggo ta zauna da wutar, ta bi kan kantar inda Goggo ta dafa. Sannan ta yar da sauran takardar a wani farantin ƙarfe a ƙasa, ta tattare rigarta, ta tsallake wutar, ta juyo ta sake tsallakewa.

Ban san Goggo ta ɗago ba sai da na ji ta damƙi hannuna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali. "Uwata, ina kika kawo ni?"

A cikin tasi ta karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a hannu ta shafe jikinta, ta shafe ni, har kujerar direba ta samu rabonta. Da muka isa otal ta cire mayafin da ya taɓa kujerar nan ta ƙulle a leda.

"Kin taɓa cin abinci a gidan matar nan?"

"Na ci, Goggo."

"Da yawa?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi tofi a ruwan gora ta ce in shanye. Na sha, ba don na tsorata da kifin ba, sai don hankalinta ya kwanta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tukunyar nan. Na kasa haɗa matar da ta sayi tukunya saboda addinina da matar da na gani tana bin sawun goggona da wuta. Ji na yi kamar ɗakin da na saba zama a ciki ne aka buɗe wata ƙofa da ban san da ita ba.

Gwiwar Goggo ta daɗe tana ciwo, tun kafin a haife ni, amma ranar nan ciwon ya samu mai laifi.

"Khalas," in ji ta. "Na haƙura da itacen nan, ko da rufe shago zan yi."

Amma da la'asar wata uwar amarya ta kira daga Kano tana tambaya, Goggo ta ce mata komai na tafiya daidai insha Allahu. Bayan ta ajiye wayar ta daɗe a zaune bakin gado. Na gan ta ta gefen ido tana shinshina hannun rigarta, inda hayaƙin safe ya kama.

Washegari na nemi ƙawata. Muka haɗu a wani ɗan shagon shayi kusa da makaranta. Na zo da maganganu a shirye, na jera su tun a jirgin ƙasa. Tana ganina sai ta fara dariya, ta rufe baki da hannu, irin ta mahaifiyarta. Raina ya ƙara ɓaci.

"Abin dariya ne?"

"A'a." Ta kalli kofinta. "Mu in kunya ta kama mu, ko ranmu ya ɓaci a gaban baƙo, haka muke yi. Mama ta yi ta murmushi jiya, ko?"

"Tun daga farko har ƙarshe."

"Da ina wurin da na san abu ya lalace tun a murmushi na biyu."

Sai ta warware mini. A wurinsu, mai saye na farko da safe shi ke buɗe wa shago ranar. In ya saya da sauri cikin fara'a, suna ganin ranar za ta yi albarka. In ya taya, ya kushe, ya fita bai sayi komai ba, sai su ce ya bar nauyinsa a shagon, kuma da wuta ake kore wannan nauyin. Ba don a cutar da mutumin ake yi ba, ba a ma son ya gani. Jiya kuwa ba buɗe rana kawai ba ce, buɗe shekara ce. Tun makonni mahaifiyarta ta zaɓi wata tsohuwar aminiyarta mai sakin fuska ta zo ta fara saye, kuma ita ƙawata ta tafi ɗauko ta a mota ne muka riga su. Ƙullin da aka miƙa wa Goggo ba don an matsu ba ne. Roƙo ne, a karɓi ko nawa ne don kada shekara ta buɗe da wanda ya juya baya.

"Bayan kun tafi ta rufe shagon da wuri," in ji ƙawata. "Ta ce bishiyar da yayyenta suka yi shekaru suna jira, an ce rabinta fari ne a ranar farko. Ta ce ba za ta sayar wa goggonki ba ko nawa za ta biya."

"To me ya hana ki gaya mini kai tsaye?"

"Na ce ku zo da hantsi. Na sake faɗa. Na ƙara."

"Cewa kika yi Goggo ta huta."

"To in ce miki me? In ce kada goggonki ta zo da safe don ba mu san irin sa'arta ba? Ke za ki iya faɗa wa baƙo haka?"

Na san ba zan iya ba. A gidanmu ma in ana son baƙo ya tafi, tambayarsa ake yi ko za a shimfiɗa masa tabarma ya kwana. Abin da ya ba ni kunya kuma ya ba ni dariya shi ne, mu biyun nan ne muka fi kowa maki a jarrabawar da aka yi mana kan faɗin magana ƙarara.

Na koma otal da sauri, ina ganin na kawo labari mai daɗi. Na ce, "Goggo, ba asiri ba ne." Na kwashe komai na gaya mata. Ina tsammanin za ta yi ajiyar zuciya. Sai na ga fuskarta ta ƙara haɗewa.

"Wato ba jifa aka yi mini ba. Kora ce. Da hayaƙi, kamar sauro."

"Ba haka—"

"Wato ni ce mai farar ƙafa. Ni da na shiga gidan mijina yana da teburi ɗaya a bakin titi, ya rasu yana da shago uku. Ni da ake aikowa in fara taka sabon gida. Yau na tsufa na zo Dubai an share sawuna da jarida."

Wallahi da alama asirin ya fi mata sauƙi. Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta ɗauki carbi tana ja ba tare da bakinta na motsi ba.

"Ranar farko ta shekara kika ce?"

"E."

"Kuma ni ce ta farko."

"Ke ce."

"Ƙullin nan kuma da na ture..." Ba ta ƙarasa ba. Ta kalli taga. "Ni ma fa, wadda ta fara shigo mini da safe ba na barinta ta fita hannu wofi, ko faɗuwa zan yi. Malam ya ce camfi ne, na sani, ina kuma istigfari. Amma har yau in mace ta taya da safe ta juya ta fita, sai in ji ranar ta yi mini nauyi har magariba." Ta ɗaga yatsa. "Sai dai ni ban taɓa ƙona wa kowa takarda ba."

"Me kike yi?"

"Harara."

Na ga ƙofa ta buɗe, sai na shigo da ilimina. Na ce mu rubuta saƙon ban haƙuri, mu haɗa da kwandon dabino, mu nemi a sa mana sabon lokaci da rana tsaka ta hannun ƙawata.

"Ajiye littafinki, Uwata. Haƙuri na me? Ciniki na yi, ba sata ba. Da safe na ɓata, da safe zan gyara. Gobe ma ni ce ta farko."

Gobe ce ranar ƙarshe ta masu kago. In matar ta gan mu ta sauke ƙofa, shi ke nan. Na ɗauko waya don in sanar da ƙawata, Goggo ta karɓe ta jefa a jakarta.

"In kika gaya mata, za su ajiye wata a bakin ƙofa ta riga ni."

Da safe muka tsaya a tsallaken titi, iska mai sanyi na kaɗa mayafanmu, ina ta addu'a a zuci. Ƙofar shagon ta fara ɗagawa. Matar ta fito da tsintsiya, ta hango mu. Wannan karon ba ta yi murmushi ba. Hannunta na kan ƙofar, kuma na ga ta yi kamar za ta ja ta ƙasa.

Goggo ba ta ba ta lokacin tunani ba. Ta tsallaka titi da gwiwar nan tata, ta yi bismillah, ta shiga da ƙafar dama. Ba ta zauna ba. Ba ta nemi garwashi ba. Ta nuna ɗan ƙullin nan da yatsa, yana nan a gefen kanta inda ta ture shi. Matar ta dube ta, ta dube ni, sannan ta danna farashi a hankali. Goggo ko kallon kalkuletar ba ta yi da kyau ba. Ta buɗe jaka, ta miƙa kuɗin da hannu biyu, ta karɓi ƙullin da hannu biyu, ta ce da Hausa, "Allah ya ba da kasuwa." Ta juya ta fita ina biye da ita.

Sai da muka sha kwana ta jingina da bango. Goshinta ya yi zufa duk da sanyin.

"Tunda nake ban taɓa sayen abu ban taya ba. Ji nake kamar na fito titi ba ɗankwali."

Muka zauna a wani gidan abinci na Indiyawa, ta ci gurasarsu da shayi, tana yi tana duban rana ta taga. Na tambaye ta yanzu kuma sai me.

"Yanzu an buɗe kasuwa. Sai ciniki."

Da hantsi ya yi muka koma. Ƙawata tana nan, ta zaro mini ido, na ɗaga mata kafaɗa. A kan ɗan teburi an jera ƙananan kofuna huɗu da butar shayi. Goggo ta nufi kujerar nan, ta ɗan leƙa ƙarƙashinta, ta zauna.

Abu na farko da matar ta sa 'yarta ta tambaya shi ne shekarun Goggo. Na ji kunya, don a aji an ja mana kunne cewa ba a tambayar mace shekarunta a wurin kasuwanci. Ƙawata ta raɗa mini cewa su sai sun san wa ya girmi wani kafin su san yadda za su yi masa magana. Goggo ta faɗi nata da alfahari, ina ma zargin ta ƙara 'yan kaɗan. Matar ta ɗan sunkuyar da kai, ta fara zuba wa Goggo shayi da hannu biyu. Sannan ta duƙa ƙarƙashin kanta ta jawo wani akwatin katako da ba mu gani ba a zuwan farko. Itacen ciki baƙi ne wuluk, mai nauyi, ƙamshinsa ya cika shagon tun ba a kai shi wuta ba.

Aka fara ciniki, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Goggo ta bar kushe. Sai ta yabi itacen, ta yabi bishiyar, ta yi wa yayyen matar addu'a, sannan ta dafa ƙirji ta ce ita talaka ce mai marayu. Matar ta yi dariya, wannan karon ba ta rufe baki ba, ta nuna zoben zinaren da ke hannun Goggo. Kalkuleta ta yi ta kai da kawo a tsakaninsu. Can sai muka lura ba wanda ke neman fassararmu, muka koma gefe muna ɓare lemo. Ba wadda ta ambaci takarda, ba wadda ta ambaci ƙulli. Azahar ta yi, matar da kanta ta share wani lungu a bayan shagon Goggo ta yi salla, ta dawo suka ɗora daga inda suka tsaya.

Da suka daidaita aka ɗaure kayan a kwalaye, muka kira motar da za ta kai su Al Quoz. Muna shirin fita sai matar ta yi wa 'yarta raɗa. Fuskar ƙawata ta yi ja.

"Mama ta ce tun da goggonki ta fita da safe mutane ke shigowa. Tana tambaya ko baɗi, ranar buɗe shago, za ta zo ta zama ta farko."

Na fassara. Goggo ta gyara tsayuwa.

"Gaya mata ni musulma ce. Arziki na Allah ne, ba a ƙafar kowa yake ba."

Na gaya mata. Matar ta gyaɗa kai cikin ladabi. Goggo ta gyara mayafinta, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya.

"Wai a wane wata sabuwar shekarar tasu take faɗowa?"

Kayan sun isa Kano a kan lokaci, amaren shekarar nan sun shiga ɗakunansu da ƙamshin da aka yi musu alkawari.

Yanzu ina aiki a wani ofis a Dubai inda ake tafiyar da taro da ƙa'idojin darasin nan, kuma ba na raina su. Suna da amfani in mutane sun fito daga ƙasashe goma ba wanda ya san gidan wani. Sai dai na gane cewa an yi su ne don baƙi su rabu lafiya, ba su isa su gaya maka abin da ke ran wanda ke gabanka ba. In wani ya ce mini kada in wahalar da kaina, yanzu nakan tsaya in tambayi kaina wace wahala yake gudu, tawa ko tasa. In murmushin mutum ya fara yawa ana tsakiyar magana, nakan rage murya.

Ba zan ce na saba da abin da na gani ba. Har yau in na tuna jar rigar nan tana tsallake wuta da sassafe, tsikar jikina sai ta tashi, kuma ina nan a kan abin da Goggo ta faɗa, rabo na Allah ne. Amma na daina ganin mugunta a wurin. Mace ce da ta ji tsoron shekararta, ta yi abin da ta ga uwarta na yi.

Goggo kuwa tana zuwa Dubai kowace shekara, kuma ko ta yaya aka yi, itacenta a watan nan yake ƙarewa. Ta ce dacewa ce kawai. Takan shiga da sassafe ta sayi ƙulli ɗaya ba tayi, ta fito tana share goshi. Abin da ta yi asara a ƙullin, in ji ta, da hantsi take fanshe shi har da riba.